An ɗora maka kwas ɗin dokar laifuka a jami'a? Ga yadda ake riƙe aikin

Takardar ɗaukar aikin da aka miƙo maka layi huɗu ne kacal a cikinta: zaka koyar, zaka yi bincike, zaka duba masu rubuta firojet, sai kuma "duk wani aiki da shugaban sashe ya ɗora maka". Wannan na ƙarshen rami ne mai zurfi, zamu zo kansa. Abun da takardar bata gaya maka ba shi ne su waye ke zaune a gabanka. A cikin yaran nan masu latsa waya a bencin baya akwai wanda nan da shekara goma sha biyar alƙali ne, akwai mai gabatar da ƙara, akwai ɗan sandan da fayil zai riƙa kwana a durowarsa, akwai mai riƙe da makullin gidan yari. Wani bawan Allah da baka taɓa gani ba, kuma ba zaka taɓa gani ba, zai kwana cikin iyalinsa ko ya kwana a bayan kanta gwargwadon abun da ka cusa musu a ka. Ni da wannan idon nake kallon aikin, kuma duk abun da zan faɗa a nan daga nan ya taso.

Kafin a buɗe semista

Farko dai ka tabbatar wane kwas aka baka, don sunayen suna kama amma ba abu ɗaya bane. Akwai dokar laifuka ita kanta, wato mene ne laifi, me ke haɗa shi, wace kariya mutum zai iya kawowa. Akwai dokar tafiyar da shari'ar laifi, daga kamu da bincike zuwa beli, tuhuma, sauraron ƙara, yanke hukunci da ɗaukaka ƙara. Akwai dokar shaida. Akwai kiriminoloji, ilimin da ke tambayar me yasa mutane ke aikata laifi tun asali. Sannan akwai kwas na tsarin gaba ɗayansa, 'yan sanda da kotu da gidan yari, yadda mutum ke shiga ta wannan ƙofar ya fita ta waccan. Na sha ganin sabon lakcara ya shafe sati shida yana zuba falsafar hukunci, ashe abun da manhaja ta ce ya koyar shi ne yadda ake rubuta takardar tuhuma. Je ka karɓi manhajar da jami'a ta amince da ita, a rubuce, ka ƙirga satuttukan da kake da su na gaskiya bayan ka cire hutu da satin gwaji, sannan ka fara tsarawa daga ƙarshe: me nake so yaron nan ya iya yi da hannunsa ranar jarrabawa? Daga nan sai ka jero darussa su kai shi can.

Na biyu, kuma don Allah kar ka raina wannan, ka duba ko dokar da zaka koyar tana raye. Wanda ya riƙe kwas ɗin kafin ka zai baka tsohon nos ɗinsa da zuciya ɗaya, ka karɓa ka yi godiya, amma kar ka shiga aji da shi sai ka bi kowane sashi ka gwada shi da kundin da ke aiki yau. Indiya ta yi amfani da kundin laifukanta na 1860 sama da shekara 160, kundin da ƙasashe da dama suka kwaikwaya, amma ranar 1 ga Yulin 2024 sabon kundi ya maye gurbinsa, lambobin sassa duk suka canza, malamin da ya haddace tsofaffin lambobi sai ya koma ɗalibi. Ba majalisa kaɗai ke canza doka ba ma. A Ingila an yi kimanin shekara talatin kotuna na cewa in ka bi abokinka aikata laifi kana hangen zai iya yin kisa, toh kai ma mai kisa ne, sai a 2016 Kotun Ƙoli a shari'ar Jogee ta ce tun 1984 aka yi ɓatan kai, hangen abu ba shi ne nufinsa ba, hujja ce kawai da za a iya auna niyya da ita. Ka ɗauka malami yana can yana karanta wa yara nos ɗin 2012. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma kai ne ya kamata ka fara jin sautin a sashen naku.

Ka rubuta tsarin kwas ɗin a shafi biyu ko uku ka raba ranar farko: batun kowane sati, shari'o'in da za a karanta, yadda aka kasa maki, ranar miƙa aiki, lokacin da ake samunka a ofis. Takardar nan ita zata raba ka da rigima daga baya.

Cikin aji

Ni ban fara lakcar farko da ma'anar laifi, sam. Labari nake basu. A 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya nutse a teku kan hanyarsa daga Ingila zuwa Ostireliya, mutum huɗu suka tsira a ɗan kwale-kwale, ba ruwan sha. Bayan kusan kwana ashirin sai kyaftin ɗin, Dudley, da mataimakinsa Stephens suka yanke shawarar kashe yaron jirgin, Richard Parker, ɗan shekara 17 wanda dama ya galabaita, suka rayu da namansa har wani jirgi ya tsince su. Da suka dawo basu ɓoye ba, su da kansu suka bada labari. Anan sai in tsaya in ce toh, ku ne alƙalai, me zaku yi da su? Wallahi aji kan kacame, wannan ya ce lalura ce, wancan ya ce da sun yi ƙuri'a da da sauƙi, wata ta ce wa ya basu ikon zaɓar wanda zai mutu. Sai sun gaji nake gaya musu kotu ta ce kisan kai ne, lalura ba ta halatta ɗaukar ran wanda bai ji ba bai gani ba, aka yanke musu hukuncin kisa sannan aka sassauta zuwa wata shida a kurkuku. A cikin awa ɗaya sun taɓa niyya, sun taɓa kariya, sun ga bambancin samun mutum da laifi da kuma yawan hukuncin da za a yi masa, ba tare da na rubuta ma'anar komai a allo ba.

Wannan salon na koyarwa ta hanyar shari'o'in da aka riga aka yanke ba sabo bane, Christopher Langdell ne ya kafa shi a makarantar lauyoyi ta Harvard a 1870. Amma yana da sharaɗi, sai ɗalibai sun karanta kafin su zo. In ba haka ba kai kaɗai zaka yi ta kiɗanka kana rawarka. Dabarar da ke yi min aiki ita ce in rage yawa, shari'a biyu a sati da aka karanta da gaske sun fi goma da aka kwafo taƙaitawarsu daga intanet. Kuma kowa ya zo da rabin shafi da hannunsa: me ya faru, wace tambaya kotu ta amsa, me ta yanke, saboda me. Wannan "saboda me" ɗin shi ne wurin da zaka dage, don nan ake gane wanda ya karanta.

Yanzu ga ƙashin bayan kwas ɗin, wanda in suka fita da shi kaɗai ma baka yi asara ba. Kowane laifi a harhaɗe yake, yana da gaɓoɓi, akwai aikin da aka yi a zahiri akwai kuma abun da ke zuciyar mai yin a lokacin da yake yi (suna da sunayensu na Latin, yara na son haddace su don burga, ka barsu, amma kar haddar ta zama ita ce ilimin). Ka koya musu warware laifi gaɓa gaɓa kamar mai kwance inji. Ɗauki sata. Rubuta sashin a allo, ka ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai nauyi: ɗauka, abu na wani, ba da izininsa ba, da mugun nufi. Sai ka kawo misali, wani ya ɗauki waya a kan teburin laburare ya sa a aljihu ya fita. Ɓarawo ne? Duk zasu ce eh. Toh wayar irin tasa ce sak, tasa tana cikin jaka ya manta. Yanzu fa? Toh ya gane ba tasa bace da ya isa ɗaki, amma ya cire layin ya ci gaba da amfani da ita. Yanzu fa? Toh ya ɗauka ne don ya tsokani abokinsa zai mayar da yamma. Kana canza abu ɗaya tak a labarin kana sa su nuna maka wace gaɓa ce ta faɗi ko ta tashi. Ka yi musu haka da kisa, da zamba, da fashi, har ya zama in sun ji an ce "ai kowa ya san shi ya yi" sai bakinsu ya riga su tambaya: wace gaɓa aka tabbatar, da wace hujja?

Daga nan sai nauyin kawo hujja. A nan ban taɓa tsallake shari'ar Woolmington ta 1935 ba. Matashi ne manomi, matarsa ta yi yaji ta koma gidan mahaifiyarta, ya bi ta da bindiga, harsashi ya same ta ta mutu, shi ya ce ya je ne ya tsorata ta da cewa zai kashe kansa bindigar ta tashi bisa kuskure. Alƙalin farko ya ce tunda an tabbatar shi ya harbe ta, toh shi zai tabbatar kuskure ne. Kotun ƙarshe ta Ingila ta rushe hukuncin, Lord Sankey ya kwatanta ƙa'idar da zaren zinare da ya ratsa dokar laifuka tun daga farko har ƙarshe: mai ƙara ne zai tabbatar da laifi, ba wanda ake tuhuma ne zai wanke kansa ba. Ka haɗa musu da sashi na 11 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 da sashi na 14 na yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa ta 1966. Kuma ka nuna musu ba wata al'umma ɗaya ce ta ƙirƙiro tunanin ba, a fiƙihun Musulunci ƙa'idar cewa hujja tana kan mai da'awa tana cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, haka ma a fiƙihun akwai ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha. Ɗalibi in ya ga tsarin shari'a daban daban sun haɗu a wuri ɗaya yakan daina ɗaukar abun a matsayin wayon lauyoyi.

Abu mafi wuyar cirewa daga kan ɗalibi shi ne yarda da iƙirari. Zai ce maka Malam ai shi da bakinsa ya amsa, me kuma ake nema? Ka basu labarin yara biyar da aka kama a New York a 1989 kan harin da aka kai wa wata mata a Central Park, an samu iƙirari daga bakinsu bayan doguwar titsiye, aka ɗaure su, sai a 2002 wani daban ya fito ya ce shi ne, gwajin ƙwayar halitta ya gaskata shi, aka soke hukuncin bayan sun ci shekaru a tsare. Ko mutum shida na Birmingham a Ingila da aka ɗaure a 1975 kan tashin bama-bamai bayan an tilasta wa wasunsu yin iƙirari, aka sake su a 1991. Daga nan ne zasu fahimci me yasa Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Miranda ta 1966 ta wajabta a gaya wa wanda aka kama yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya, kuma me yasa dokoki da yawa yanzu ke neman a naɗi tambayoyin da ake yi a caji ofis. In akwai jami'an tsaro a ajinka, kuma sau da yawa akwai musamman a karatun yamma ko na ƙarshen mako, kar ka mayar da lakcar ta zama zagin aikinsu. Ka jawo su su faɗi yadda abun yake a aikace, su ma su ji yadda yake a doka, ajin ya fi armashi in suna magana.

Wata magana da ba a cika gaya wa sabon malami ba: wannan kwas ɗin cike yake da fyaɗe, da kisa, da cin zarafin yara, kuma ba makawa a cikin aji mai mutum ɗari akwai wadda abun ya taɓa faruwa da ita, ko wanda mahaifinsa ke tsare a yanzu haka. Ba zaka tsallake batun ba, ai lauyan da bai san dokar fyaɗe ba cutar da mata zai yi. Amma ka sanar tun sati ɗaya kafin a zo wurin, kar ka yi raha da shi ko kaɗan, kar ka nuna ɗaliba da yatsa ka ce "misali ke aka yi wa", kuma in wani ya jefo maganar banza don a yi dariya ka tsayar da shi nan take. Wanda ya tashi ya fita a irin wannan lakcar kar ka tambaye shi dalili a gaban mutane.

Ra'ayinka kuma, kan hukuncin kisa misali, kana da shi kuma ba laifi ka faɗa in an tambaye ka. Sai dai ka kawo hujjar kowane ɓangare da ƙarfinta. Ka basu Cesare Beccaria, ɗan Italiya da ya rubuta tun 1764 cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana laifi, kuma ya yi adawa da azabtarwa da hukuncin kisa, sannan ka basu masu cewa hukunci sakayya ce da mai laifi ya cancanta ko ta hana wani ko bata hana ba. Ɗalibin da ya saɓa maka da hujja mai kyau ya ci makinsa cif.

A fita daga aji

Gani ya kori ji. Ko sau ɗaya a semista ka kai su kotu su zauna su kalla, ka rubuta wa magatakarda tun da wuri, ka kasa su ƙananan rukuni, ka gaya musu yadda ake shiga da zama da kashe waya, kuma kowa ya dawo da rahoton shafi ɗaya. Abun da ke basu mamaki kullum ba wani dogon jawabin lauya bane, yawan ɗage shari'a ne, da ganin mutum a tsaye ba lauya bai ma gane me ake karanta masa ba. Ranar ne labarin Gideon ke shiga jikinsu, mutumin da ya rubuta ƙorafinsa da fensir daga kurkuku a Florida har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1963 cewa talakan da ake tuhuma da babban laifi dole a bashi lauya, da aka sake shari'ar da lauya kuwa aka wanke shi. In an samu izinin ziyartar gidan yari, su karanta Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 kafin su je, guda 122 ne, ciki har da haramta keɓe fursuna shi kaɗai sama da kwana 15 a jere, sai su auna abun da idonsu ya gani da abun da ke rubuce. Kuma ka ja musu kunne, ba gidan kallo zasu je ba, ba hoto, ba nuna mutane.

Kotun gwaji ma ka shirya, ko da a aji ne da tebur biyu. Ka sa wanda ya fi kowa zafin "a ɗaure shi" ya zama lauyan mai kare kai. In sashenku na da asibitin shari'a, wato inda ɗalibai ke taimaka wa marasa galihu ƙarƙashin kulawar lauya, ka shiga da ƙarfinka. Innocence Project da ya wanke ɗaruruwan mutane a Amurka a makarantar lauyoyi ta Cardozo ya fara a 1992, da lauyoyi biyu da ɗalibai. Sai dai fa nan rayuwar mutane ce ta gaske, duk takardar da zata fita sai ka karanta ta da idonka, kuma sirrin wanda ake taimaka wa ba abun hira bane a dandali.

Jarrabawa da maki

Tambayar "kawo ma'anar kisan kai ka lissafo rabe-rabensa" mai hadda take gwadawa, ba mai fahimta ba. Ka rubuta labari mai sarƙaƙiya, mutum uku, ɗaya ya kawo shawara, ɗaya ya tuƙa mota, ɗaya ya soka wuƙa, wanda aka soka ya mutu a asibiti bayan likita ya yi sakaci, sannan ka ce su bada shawara kan laifin kowanne. Ka sa gaɓa ɗaya da amsarta ba a fili take ba da gangan, nan ne zaka raba na ƙwarai da na tsakiya. Kafin ka buga tambayar ka zauna ka amsa ta da kanka da agogo a gabanka, in kai ta ɗauke ka minti talatin toh su awa zata ci. Ka rubuta yadda zaka kasa maki tun kafin ka buɗe takarda ta farko, kuma ka yi makin tambaya ɗaya a duk takardun kafin ka koma ta biyu, hannunka ya fi daidaita a haka. Ni na taɓa yin makin rabin tari da dare a gajiye, da safe da na sake dubawa sai naga na matse na ƙarshen fiye da na farkon, dole na sake bi daga farko. Tun ranar ban ƙara yin maki bayan ido ya fara yaji ba.

Sakamako ya fita a kan lokaci, takardu a adana, wanda ya zo ƙorafi a buɗe masa takardarsa a nuna masa inda ya zubar. Kai da kake koyar da cewa ba a hukunta mutum sai an saurare shi, abun kunya ne ace a ofishinka ne ba a sauraron kowa. Haka in ka kama mai satar amsa, ka rubuta abun da ka gani, ka haɗa hujja, ka miƙa wa kwamiti, kar ka zama kai ne ɗan sanda kai ne mai ƙara kai ne alƙali. Maganar sayar da maki, ko tilasta sayen handawut, ko neman ɗaliba, ba sai na ja ta ba, kai da kanka ka san sunan kowanne a kundin da kake koyarwa. In zaka ga ɗalibi a ofis, ƙofa a buɗe.

Firojet, bincike, da sauran kaya

Masu firojet kusan dukkansu da katon batu suke zuwa, "matsalar laifuka a duniya" ko "nazari kan cin hanci". Aikinka na farko shi ne ka yi ta yanke shi har ya koma tambaya ɗaya da za a iya amsawa a wata shida, misali yaya kotuna suka fassara sharaɗi kaza na beli a shekara goma da suka wuce. Ku sa ranakun haɗuwa, babi babi, ka mayar da gyara cikin sati biyu, don ba abun da ke kashe wa ɗalibi gwiwa kamar babinsa ya yi wata uku a teburin sufabaiza. Kuma yanzu sai ka buɗe duk shari'ar da aka ambata ka ga tana nan da gaske. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda ɗauke da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago, babu su a duniya. In lauyoyi masu lasisi sun faɗa wannan ramin, ɗan aji huɗu da ke neman gamawa fa? Ni bana hana su amfani da manhajar, ce musu nake duk shari'ar da ka kawo ka zo min da kwafinta.

Naka binciken kuma shi ne abun da ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, alhali da shi ake ƙarin girma. Ka ware masa rabin yini biyu a sati ka kare su kamar lakca. Ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin sati ɗaya, masu tantancewa sun san su. In bincikenka ya shafi fursunoni ko waɗanda aka zalunta, sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma ka tuna mutumin da ke kulle "na yarda" ɗinsa ba kamar ta mai 'yanci bace, yana iya zaton in ya ƙi za a ƙuntata masa ko in ya amsa za a sassauta masa, dole ka fayyace masa babu ko ɗaya. Gwajin kurkukun Stanford na 1971, inda masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka sa ɗalibai suka zama fursunoni da masu gadi na wasa, da aka tsara zai yi sati biyu aka tsayar da shi a kwana shida, har yau ana kawo shi a darasin abun da bai kamata ba.

Ka koyi lissafi ko yaya ne, na san da yawanmu gudun lissafi ne ya kawo mu doka. Alƙaluman 'yan sanda laifin da aka kai rahoto kawai suke nunawa, shi yasa Birtaniya ta fara tambayar mutane gida gida tun 1982 don gano wanda ba a kai ba. Sannan ga Sally Clark, lauya ce a Ingila da aka ɗaure a 1999 kan mutuwar jariranta biyu, wani ƙwararren likita ya gaya wa kotu wai yiwuwar hakan ta faru haka kawai ɗaya ce cikin miliyan 73, lissafin kuwa gurgu ne, masana lissafi suka yi ta kuka a kai, sai 2003 aka sake ta bayan an gano ma akwai sakamakon gwajin asibiti da ba a bayyana ba. Ɗakin cike da masana doka amma lambar ta wuce ta gabansu.

Sai wancan layin na ƙarshe, "duk wani aiki". Taron sashe, jami'in jarrabawa, mai ba 'yan aji kaza shawara, kwamitin ladabtarwa wanda kusan kullum malamin dokar laifuka ake turawa. Ka karɓi ɗaya ko biyu ka yi su da kyau, na uku ka ce a yi maka uzuri cikin ladabi, in ba haka ba shekara biyar zata wuce baka rubuta komai ba.

'Yan jarida zasu kira ka duk ranar da wata babbar shari'a ta tashi. Ka yi bayanin me doka ta ce da matakin da ake ciki, kar ka yanke wa wanda ke gaban kotu hukunci a rediyo, kuma in baka karanta takardar tuhumar ba ka faɗa musu baka karanta ba. 'Yan uwa da abokai ma zasu kira, tsakar dare, an kama wane. Ka gaya musu abun da kowa ya kamata ya sani, ya nemi lauya, kar ya sa hannu a abun da bai karanta ba, a san inda ake tsare da shi da abun da ake zarginsa da shi, sannan ka haɗa su da lauyan da ke zuwa kotu kullum. In kana da lasisi kana son ka tsaya da kanka, duba ƙa'idar jami'arku kan aikin waje tukuna, wasu na bari da izini wasu basa bari.

Ranar da ka miƙa sakamako, kafin ka rufe fayil ɗin kwas ɗin, ɗauki biro ka bi tsarin satuttukan nan ka rubuta a gefe: nan sun yi barci, wannan shari'ar ta yi tsawo a canza ta, tambaya ta uku kusan kowa ya faɗi a wuri ɗaya kenan ni ne ban koyar da haɗin baki da kyau ba. Minti ashirin ne, kuma in ka bari sai an dawo hutu wallahi ba zaka tuna ko ɗaya ba.